Inna Tela Mai Ɗinkin Baibai

Duk mai bi ta layin bayan kasuwa da sassafe ya san Inna Tela. Ita ce tsohuwar nan mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da baƙin zare, wadda shekara da shekaru take buɗe shagonta tun sauran shaguna na garƙame. Shagon ma ba wani abin a zo a gani ba ne: baƙin keken ɗinki na takawa, teburin yanka, dogon benci guda, sai madubi a jikin bango da kullum yake lulluɓe da zane. Takan share, ta ɗiga wa keke mai, sannan ta yi abin da ya sa maƙwabta suka daɗe suna mata dariya. Sai ta yanki ɗan ƙyalle daga yadin da za ta ɗinka, ta cusa shi a bayan wuyanta ta cikin riga, ta shiga harkokinta. In rana ta take ba ta tuna da shi ba, yadi ya ci jarrabawa. In kuwa ta kama kanta tana susa, to ko na wane ne, sai ya koma cikin ruwa an sake wanke shi har ya yi laushi.

"Inna, yau ma an ɗaura layar?" mai gyaran waya da ke jikin shagonta yakan leƙo ya tsokane ta.

"An ɗaura, ɗan nema. Kai da wuyanka ya yi kanta, ina za ka gane?"

To, watan jiya Inna ta sauka daga kan keken nan, bayan ta tsufa a kansa. Ba wanda ya kafa rumfa, ba wanda ya ba ta lambar yabo, don haka bari a faɗa a nan kowa ya ji. Akwai yara masu lalurar da likitoci ke kira otizim, wasu kuma su ce galahanga. Wani ba ya magana, wani yana yi amma ba ya haɗa ido da mutane. Ƙarar da kai ko lura ba ka yi da ita ba, shi tana huda masa kai, kuma ɗan abin da ya gogi fatarsa yana iya hana shi sakat yini guda. Da yawa daga cikin irin yaran nan suna zaune a aji yau saboda rigar da wannan tsohuwa ta ɗinka musu. Eh, riga. Kar ka yi dariya, tsaya ka ji.

Mafarin abin wata yarinya ce da babanta ke kira Tsuntsuwa, saboda in ta ji daɗi takan kaɗa hannuwa kamar za ta tashi sama, sunan kuma ya bi ta. Tana 'yar aji ɗaya mahaifiyarta ta shigo da ita shagon, leda a hannu cike da yagaggun kayan makaranta, idanu sun yi jawur. Yarinyar ba ta zama da yunifom. Da an shiga aji sai ta hau fizgar wuyan rigar tana ihu, in ba a yi sauri ba ta tuɓe a gaban kowa. A gida an yi lallashi, an yi faɗa, an yi addu'a. Dangi wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sangarta ce kawai. Makaranta ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce in ba za ta zauna da kaya a jikinta ba, a riƙe ta a gida.

"Inna, ki taimake ni," in ji uwar. "An ce hannunki na da kyau. Wallahi yarinyar nan tana da kai, ta san haruffa duka. Rigar nan ce kawai."

"Share hawayenki, 'yata. Ni da na ɗinka wa amare masu tsirfa, 'yar wannan ce za ta gagare ni?"

Ai kuwa ta gagare ta. Inna ta zauna ta zuba ɗinki na gani na faɗa, Tsuntsuwa ta sa, ko bakin ƙofa ba a kai ba ta cire ta yi jifa da rigar. Aka sake wata, aka ƙara faɗi, aka rage kwala, duk a banza. Ran Inna ya ɓaci ƙwarai, don tunda take ba a taɓa jefar mata da ɗinki a ƙasa ba. A zuwa na gaba ne, tana hararar yarinyar ta saman tabarau, ta lura rigar gida da ke jikinta a baibai take. Uwar ta ga inda take kallo, kunya ta kama ta, ta kai hannu za ta gyara.

"Kullum haka take yi, Inna. In juya, ta juya."

"Dakata. Bar ta."

Inna ta ɗauki rigar da aka jefar, ta zura hannu ciki, ta bi haɗin kafaɗa da yatsa, ta bi na gefe, ta goga a wuyanta. Ɗan tudun nan na ɗinki, wanda kowane tela ke ɓoyewa a ciki don kar a gani, shi ne ke cizon yarinyar tun safe har yamma. Ashe duk ihun nan magana take yi, ba a dai gane ba. Inna ta warware rigar kaf, ta mayar da kowane haɗi waje, ta rufe shi da siririn ƙyalle mai launin yadin. Ta cire abin da ke sa kwala tauri, ta cire robar ƙugu ta sa lallausan zariya. Cikin rigar ya zama sumul, ba inda yatsa zai yi tuntuɓe.

Tsuntsuwa ta sa, ta tsaya cak. Ta ɗaga kafaɗa ta sauke, tana jiran cizon, bai zo ba. Sai hannuwa suka fara kaɗawa, uwar kuwa ta zube a kan benci ta rufe fuska da mayafi.

Sauran aikin malamar ajinta ce ta ƙarasa shi, mace mai haƙuri da ta daɗe tana faɗi-tashi a kan yarinyar. Ita ta ɗauki rigar ta kai wa shugaban makaranta, ta nuna masa launi ɗaya ne, tsari ɗaya, haɗin ne kawai a waje. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malama, in dai za ta zauna a aji, ko hannun rigar aka mayar ƙafa ba ruwana." Tsuntsuwa ta koma aji, ba ta kuma sake tuɓewa ba.

Daga nan malamar ta riƙa turo iyaye, iyaye kuma suka riƙa turo juna. Akwai uban da ɗansa ke taune kwalar riga har ta rududduge, Inna ta ɗinka masa wani ɗan harshe mai kauri da laushi a cikin wuya, ta ce ga nasa nan ya tauna ya bar sauran. Akwai wadda 'yarta ke firgita da hoton kanta, tun ranar madubi ya shiga lulluɓi. Wanda ba ya son a taɓa shi, Inna ba ta kai masa tef jiki, tsohuwar rigarsa take aunawa ta ƙara yatsa biyu. Mai gyaran waya ma ya sha faɗa a kan ƙarar kiɗan sifikarsa, har ya zama da ya hango yaro da uwarsa sun doso, shi da kansa yake murɗe ta. Bencin nan kuwa, tambayi iyayen. Nan ne wurin da yaronka zai kwanta a ƙasa yana birgima ba wanda zai ce maka, "Ka tsawata masa mana." Mata da yawa a kansa suka fara jin cewa ba su kaɗai ba ne.

Ita Tsuntsuwa duk lokacin da kaya suka yi mata kaɗan takan zo ta zauna a ƙarshen bencin. Inna ta yanka a gabanta, ta ɗinka a gabanta, ita kuma ta ƙura wa ƙafar keke ido tana wani ɗan gunji a maƙogwaro, daidai da bugun takun Inna. Kowa ya ɗauka son kallon keke ne kawai.

Inna, ke ce kika haɗiye girman kanki na gwana, kika juya sana'arki baibai saboda yarinyar da ko sannu ba ta taɓa ce miki ba. Ke ce kika ji 'yan'uwanki teloli na cewa tsufa ya sa kin manta ina ne ciki ina ne waje, kika ce musu, "Na ji, ku dai miƙo min almakashi." Uwar marasa baki, ba ki taɓa ce wa ɗayansu mara lafiya ba. "Yarana masu tsada," haka kike kiransu.

Sai idanu suka fara ba ta matsala. Da farko ramin allura ne ya ɓace, daga baya gefe-gefe ya riƙa duhu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage a lallaɓa shi. Lokacin kuwa ya zo daidai da gama firamaren Tsuntsuwa. Da ƙyar da siɗin goshi iyayenta suka samar mata gurbi a wata sakandare mai ƙaramin aji da malamar da ta san irin yaran. Gurbin kaɗan ne, masu jira suna da yawa, in aka buɗe makaranta ba ta zo ba za a ba wani. Ga yunifom sabo, launi daban, yadi mai tauri, siket mai tattara. Inna ta hau keke ta gwada, ɗinki ya riƙa karkacewa yana barin layi, har allura ta huda mata yatsa. Tsoro ya kama ta sosai. In yarinyar nan ta rasa makaranta saboda idonta, da wane baki za ta yi wa uwar bayani?

Tana da suruka, matar babban ɗanta, wadda har yau take kira Amarya duk da 'ya'ya huɗu. Amarya tela ce ta gaske, tana da keken lantarki a gida, ta kuma san sirrin ɗinkin baibai don ta sha taya Inna. Sai Inna ta kira ta da uwar Tsuntsuwa ta kawo shawara.

"Amarya ta ɗinka a gida, a kawo nan, ni in miƙa mata. Kar ta sani. Yarinyar nan canji ne ke firgita ta. Ga sabuwar makaranta, ga sabon yadi, kuma a ƙara mata da sabuwar tela? Abin zai yi mata yawa."

Duka suka yarda, kuma don ƙauna suka yarda. Amarya ta wanke yadi har ya yi laushi, ta zuba ɗinkin da ko Inna sai da ta shafa ta ce, "Kai, 'yar nan, kin so ki fi ni." Aka kawo Tsuntsuwa, yanzu ta zama doguwa har ta kusa kamo uwarta. Inna ta miƙa mata kayan tana murmushi. Yarinyar ta karɓa, ba ta sa ba. Ta bi haɗin kafaɗa da yatsa a hankali, ta ji ƙananan takun zare na keken lantarki a matse reras. Ta juya ta dubi baƙin keke, ga shi nan a rufe da zane. Sai ta ninke kayan ta ajiye a kan tebur.

"Ba Inna ba," ta ce.

"Ni ce mana, Tsuntsuwata, sa ki gani."

"Ba Inna ba. Ba Inna ba." Ta toshe kunnuwa, ta fara jijjiga gaba da baya, muryar na ƙara hawa. Da ƙyar aka kai ta gida. A gida ta ƙi yarda kayan su kwana a ɗakinta, kuma ko layin shagon aka nufa da ita sai ta ƙame a tsakiyar hanya. Wannan ne ya fi komai karya wa Inna gwiwa. Buɗe makaranta na ta matsowa, ita kuma Inna abinci ma ya daina shigar mata.

Tsohuwar malamar ajin ce ta ji labari ta zo har shago. Ta gaishe ta, ta zauna a benci, ta saurara har ƙarshe.

"Inna, ba na ce kin yi laifi ba, amma kun yi mata abin da ta fi tsoro. Canjin da aka gaya mata tana iya ɗauka a hankali. Wanda ya faɗo mata ba sanarwa shi ne ba ta iyawa. Mu a aji ko kujera za mu matsar, sai mun faɗa mata tun jiya, mun nuna mata inda za ta koma. Ku gaya mata gaskiya da gajerun kalmomi, ku bar ta ta gani da idonta."

"In ce mata na makance?"

"Ki ce mata idonki ya gaji."

Washegari da hantsi Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan su Tsuntsuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tarar da Tsuntsuwa a ɗaki tana jera murafen kwalba a layi. Ba ta shiga ba. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta kau da fuska gefe don kar ta takura ta, ta ce, "Tsuntsuwa, idon Inna ya gaji. Inna ba ta ganin zare. Amarya za ta ɗinka, a keken Inna. Ke za ki kalla." Yarinyar ta ci gaba da jera murafenta. Inna ta sake faɗa, kalma ɗaya ba ta canza ba. Uwar na tsaye a tsakar gida tana kallonsu. Can sai yarinyar ta taso, ta zare tabaran daga fuskar Inna, ta leƙa cikinsa, ta juya shi, ta mayar mata a karkace.

"Ya gaji," ta ce.

Aka sayo sabon yadi aka fara daga farko. Matsalar ita ce Amarya ta manta rabonta da keken takawa. Ta taka, keke ya koma da baya, zare ya tsinke, Inna ta hau sababi. A ƙarshe dole suka matsu a kujera ɗaya, suruka da uwar miji ƙugu da ƙugu, Inna na takawa da ƙafa, Amarya na jan yadi da hannu. Mai gyaran waya ya leƙo ya gani, ya koma shagonsa yana dariya har da riƙe ciki.

"Amarya, matsa mana, kin danne min zane!"

"Inna, ina zan matsa? Bango ne a nan."

Ranar farko Tsuntsuwa a bakin ƙofa ta tsaya. Daga baya ta shigo ta zauna a ƙarshen bencinta. Inna ba ta iya ganin fuskarta sosai, sai ta koma saurare. In ita ke takawa, gunjin nan na maƙogwaro yana tafiya tare da keke. Da Amarya ta ɗora ƙafa ɗaya bugun ya canza, sai gunjin ya ɗauke ɗif. Haka suka yi ta yi, ana ɗinki ana warwarewa, Inna na ƙwanƙwasa tebur da yatsa tana koya wa ƙafar Amarya irin nata takun, buɗe makaranta kuma ya rage 'yan kwanaki. Ran nan da yamma, ana kan kalmasar siket, Inna ta ce da ƙarfi, "Tsuntsuwa, Inna za ta ɗage ƙafa. Amarya za ta taka." Ta janye ƙafafunta duka biyu ta naɗe su a ƙarƙashin kujera. Keke ya ci gaba da tafiya. Inna ta rufe ido ta kasa kunne. Gunjin ya ɗan yi rawa, ya yi ƙasa kamar zai tsaya, sai ya kama bugun ya bi shi har ƙarshen kalmasa.

Ranar da aka buɗe makaranta Inna ta riga kowa zuwa, ta zauna a bencin bakin shago. Can ta hango wani launi na tahowa dishi-dishi, kusa da shi wani dogo, baban yarinyar ne. Launin sabon yunifom ne, kuma a jikin mutum yake. Inna ta gyara zama, ta gyara tabarau, baki har kunne. Tsuntsuwa ta iso, ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ta shige shago kai tsaye wurin Amarya. Ta ɗago gefen siket ta nuna wani ɗan bakin zare da ya leƙo.

"Zare," ta ce.

Amarya ta ɗauki almakashi ta datse. Yarinyar ta shafa wurin, ta fito, ta kama hanyar makaranta.

"Haba, Tsuntsuwa!" in ji uban, kunya ta rufe shi. "Ba ki gaida Inna ba? Dawo nan!"

"Ƙyale ta!" Inna ta daka masa tsawa, tana dariya hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau. "Wallahi ka ƙyale ta. Ba ka ga wurin wa ta kai ƙara ba? Alhamdulillahi, ta yar da ni. Yau na huta."

Inna Tela, mun gode. Iyayen da suka zauna a bencinki sun gode, malaman da kika sauƙaƙa wa aji sun gode, yaranki masu tsada ma sun gode, ko da ba za su taɓa faɗa da baki ba. Kin yi aikin, kin kuma tsaya sai da kika ga ya tsaya da ƙafarsa ba ke. Allah Ya tsare miki abin da ya rage na gani, Ya saka miki da mafificin alheri.

Ku kuma sauran, kai mai aski, ke mai kitso, kai direba, kai mai sayar da takalma, irin yaran nan suna shigowa wurinku ku ma. In ɗaya ya fasa ihu a gabanka, kafin ka taɓe baki ka ce ba shi da tarbiyya, duba abin da ke hannunka ka tambayi uwarsa me ke damunsa. Wataƙila ɗan abu ne da sana'arka za ta iya gyarawa a zama ɗaya. Wata tsohuwa mai rabin gani ta yi, kuma a daidai lokacin da kake karanta wannan, Tsuntsuwa na zaune a aji da rigarta a jikinta.